Zuba ƙarya cikin ruwa: kundin koyon sabulu

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

A hunturun nan na ƙudura sai na koyi yin sabulun wanka mai tauri, irin wanda ake yankawa, ba na ruwa ba, don shi wannan kusan kowane gida a layinmu akwai mai yi. Yawancin bidiyon da na samu a YouTube na matan Amurka ne, Turancina kuwa na makaranta ne, in suka zuba gudu sai na kunna rubutun da ke fitowa a ƙasa. Wata mata ta yi ta nanata wata kalma mai kama da "lai", rubutun kuma yana sa "lie". Na kwafa na sa a manhajar fassara, sai ta ba ni: "Ki zuba ƙarya cikin ruwa a hankali, kada ki zuba ruwa a kan ƙarya." Da na karanta wa Abban yara sai da ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce ai wannan wa'azi ne.

Ashe kalmar "lye" ce. Furucinta ɗaya da "lie" ta ƙarya da "lie" ta kwanciya, rubutu ne kawai ya raba su, na'urar kuma da kunne take aiki. Na sayi littafi mai shafi 80. Gaba na awo da kuɗi, baya na kalmomi.

Talata, 7 ga Janairu

Kasuwa. A layin masu kemikal na ce ina son "lai", shago uku ba wanda ya gane. A na huɗu na ce soda. Yaron shagon ya ce, "Wacce, Hajiya?" Na ce ta sabulu. Ya auno min wani farin gari mai laushi, kilo ɗaya naira 1,500.

Sikelin girki na batir naira 7,500, safar hannu ta roba 1,500, tabarau 2,000, man gyaɗa lita ɗaya 3,400, manja kwalba 1,900, man kwakwa ƙaramar roba 4,000. Mazubi ban saya ba, zan shimfiɗa leda a kwalin takalmin makarantar yara.

Alhamis, 9 ga Janairu

Gwajin farko, kuma bai yi ba. Tun a ruwan na fara shakka. An ce da zarar an zuba sodar sai ya ɗau zafi kamar zai tafasa, har da tururi mai shaƙe mutum. Nawa ɗumi-ɗumi kawai ya yi. Na ce ƙila sanyin gari ne. Na juye a kan mai na kama burgawa da maburgi tun bayan azahar har aka kira la'asar, na yi sallah na dawo na ci gaba. In na tsaya sai man ya taso sama, ruwa ya koma ƙasa, kamar waɗanda suka yi faɗa. Na zuba a kwali haka nan na rufe da tsohon zani.

Juma'a, 10 ga Janairu

Mai a sama, ruwa a ƙasa, kwalin ya jiƙe ya ɓare. Na wanke tsakar gida sau biyu.

Lahadi, 12 ga Janairu

Maƙwabciyata mai sabulun ruwa ta leƙo, na nuna mata ragowar garin. Ta murza a yatsa ta ce, "Maman yara, wannan ai soda ash ce. Kostik kike nema." Ba laifin yaron shago ba ne, masu sabulun ruwa suna sayen duka biyun, ni ce na ce "ta sabulu" na yi shiru.

Da daddare na zauna na warware su. Soda uku ce, suna ɗaya aiki daban. Akwai ta fulawa wadda ake sa wa kek, ita ce mafi sanyi. Akwai soda ash, 'yar'uwar kanwa ce, tana yanke maiƙo a wanki amma ba ta da ƙarfin da za ta mayar da mai ya zama sabulu a haɗin sanyi. Sai kostik, wadda a ajin kimiyya muka sani da NaOH. Ita matan bidiyon ke nufi da "lye". Har ila yau akwai ta biyu da suke kira da sunan, KOH, ita kuma sabulu mai laushi ko na ruwa take bayarwa. Wato kalma ɗaya ce a bakinsu, abu biyu a buhu, ni kuma na sayo na uku.

Asara: mai na kusan naira 4,300 da kwalin takalmi.

Litinin, 13 ga Janairu

Na samo kostik, kilo naira 2,800. Ba gari ba ce, ɓarɓashi ne fari kamar fasasshen farantin tangaran. Na bar ɗan kaɗan a murfin roba don in gani, kafin magariba ya jiƙe da kansa duk da bushewar hunturu, danshin iska yake zuƙa. Na ɗure sauran a roba mai murfi, na rubuta GUBA da jan biro, na ɗora a saman kabad inda ko ni sai da kujera.

Saura ƙiris in yi ɓarna. Na riga na ware tsohuwar tukunyar alminiyam don jiƙawa, sai na ci karo da gargaɗin cewa kostik tana cin alminiyam, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Na koma bokitin roba mai kauri, irin wanda ke da lamba 5 a gindi.

Lissafin awo, don kada in manta. Kowane mai da adadin sodar da yake ci. A teburin da nake bi, giram ɗaya na man gyaɗa yana cin 0.137, manja 0.142, man kwakwa 0.183. Man gyaɗa giram 500, manja 300, man kwakwa 200, jimilla soda giram 147.7. Sai a rage kashi 5 cikin 100 don a bar ɗan mai da zai tausasa fata, wannan suke kira "superfat". Ya zama giram 140. Ruwa giram 290.

Laraba, 15 ga Janairu

Ba aiki. Ƙanena da ke jami'a ya zo cin abinci, ya ɗau littafin ya juya baya yana karanta kalmomina. Da ya ji labarin ƙarya cikin ruwa sai ya ce, "Yaya, ai yanzu ba ma cewa lie, cap ake cewa." Wai in yaro ya ce "no cap" yana nufin wallahi ba ƙarya. Na ce hula kuma? Me ya haɗa hula da ƙarya? Ya ce haka suka tarar, daga bakin baƙaƙen Amurka ta fito. Na rubuta.

Ya ƙara min da "salty", wai mai jin haushi saboda an kayar da shi, don ya ga yadda na haɗe rai da aka tabo zancen soda ash. Wannan ban rubuta a gabansa ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwaji na biyu. Na jira yara suka tafi Islamiyya. A tsakar gida na yi, iska na kaɗawa ta bayana. Ina zuba sodar a ruwa na gane abin da ake faɗa: ruwan ya yi fari kamar madara, robar ta yi zafin da ba ta taɓuwa, tururin ya doki hancina sai da na ja da baya ina tari. Dalilin da ya sa ake cewa a zuba soda a ruwa, ba ruwa a kan soda ba, ke nan. In ruwa kaɗan ya sauka a kan tulin soda, nan take yake tafasa ya yi tsalle.

Manja da man kwakwa duk sun daskare saboda sanyi, sai da na ɗan ɗora su a wuta. Na jira komai ya huce ya koma ɗumin da hannu zai iya jurewa ta bayan roba, sannan na haɗa. Minti arba'in da biyar ina burgawa. A hankali ya tashi daga ruwa-ruwa ya koma kamar koko, daga nan kamar kunun gyaɗa mai kauri, in na ɗaga maburgi na ɗiga sai layin ya tsaya a sama kafin ya nutse. Wannan matakin ne "trace", wato sawu. Kalmar ta dace.

Sai na yi wauta. Ban sayi turaren sabulu ba, na ce ai ina da humra mai kyau tun ta bikin ƙanwata. Na zuba cokali uku. Kan ka ce kwabo haɗin ya ƙame, maburgi ya tsaya cak a tsakiya kamar an dasa shi a tuwo. Daga baya na karanta cewa turare mai sinadarin barasa haka yake yi wa sabulu. Suna ce masa "seize", in ya yi muni kuma har da ba'a, "soap on a stick", sabulu a kan tsinke. Nawa a kan maburgi yake.

Ina ƙoƙarin danna shi cikin mazubi da cokali wani gutsure ya faɗo a wuyan hannuna, daidai inda safa ta ƙare. Da farko ban ji komai ba, sai santsi, sai ƙaiƙayi, sai zugi. Na bar komai na tsaya ina kwarara ruwa a wurin fiye da kwata na awa. Maƙwabciya ta ce in shafa manja, a wani bidiyo kuma na taɓa jin a sa ruwan tsami. Ban yi ko ɗaya ba, ruwa mai yawa shi ne abin da takardar gargaɗin sinadarin take cewa. Ya bar jan tabo kamar girman ƙwayar wake. Santsin nan da na ji, ashe maiƙon fatata ne sodar ta fara mayarwa sabulu.

Litinin, 20 ga Janairu

Na fitar na yanka. Mummuna ne, duk ramuka, launin kabewa saboda manja, ƙamshin humra kuma ya gudu. Amma sabulu ne, ya yi kumfa. Na jera a kan faifai a ƙarƙashin gado.

Na sayi riga mai dogon hannu a gwanjo, naira 1,200, ta aiki kawai.

Alhamis, 23 ga Janairu

Gwaji na uku, awo ɗaya da na biyu, ba turare. Lafiya lau. Minti hamsin.

Asabar, 25 ga Janairu

Na yanka na uku, guda 12, kowanne tsakanin giram 113 da 118. Na zaɓi ɗaya na yi masa alama, zan riƙa auna shi duk Asabar don in ga yadda yake bushewa. Yau 116.

Goggo ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, za ta yi mana sati biyu. Ta ga ina sanye da tabarau da safa kamar mai aikin tiyata, ta tambayi me ake yi. Na yi mata bayani, har na ɗauko littafi ina karanta mata ma'anar farko da ƙamus ya ba kalmar, wadda na tsallake tun ranar farko don na ɗauka tsohon zance ne: ruwan da aka tace daga tokar itace. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ruwan toka ne kike ta wannan bidiri a kai?"

Na yi shiru. Tun ina ƙarama nake ganin ana tace toka a gidanmu, a sa wa miyar kuka ko ta kuɓewa in ba kanwa. Masu rini a Ƙofar Mata da toka suke haɗa baba, majema ma da ita suke tuge gashin fata. Sati uku ina neman fassarar kalma, ashe tana murhu.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau karatu na yi, na bi kalmar har gida. Tsohuwa ce a Turanci, tun fiye da shekara dubu, kuma asalinta yana komawa ga wanka da wanki. Jamusawa suna cewa "Lauge", suna tsoma wani burodinsu mai kama da ƙulli a cikinta kafin gashi, shi ke ba shi wannan duhun ɓawo. A Nowe suna jiƙa busasshen kifi a ciki har ya yi laushi. A Aisland kuwa sunan ranar Asabar ma daga tushen ya fito, "laugardagur", ranar wanka. Mu ma dai Asabar ce ranar wanki a gidan nan.

Wanda ya fi burge ni shi ne "potash". Ba komai ba ne illa tukunya da toka, don a tukunya ake ƙafe ruwan tokar. Daga nan masanin kimiyya ɗan Ingila Humphry Davy ya samo sunan sinadarin potassium da ya ware a 1807. "Alkali" kuma Larabci ne, daga kalmar da ke nufin tokar wani tsiro. Da na faɗa wa Abban yara sai ya ce shi ya sa hukuncin alƙali yake da zafi. Ba dangi ba ne, namu alƙalin daga wata kalmar Larabci ya fito, amma na bar masa.

Talata, 28 ga Janairu

Goggo ta ce sai ta nuna min yadda ake yi ba da kuɗi ba. Mun karɓo toka bokiti biyu a wajen mai waina, ta itace zalla, ba leda ba gawayin roba. Ta huda gindin tsohon bokiti da ƙusa, ta shimfiɗa tsumma da ɗan kara, ta cika da toka ta danna, muka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana ɗiga cikin roba. Launin shayi ba madara.

Matsalar ita ce ba sikelin da zai gaya maka ƙarfinsa. Ita da yatsa da harshe take ganewa. Ni na gwada dabarar da na ji tsofaffin Turawa na yi: a saka ɗanyen ƙwai, in ya taso har wani ɓangare kamar faɗin kwabo ya fito sama, ya yi. Namu ƙwan ya nutse har ƙasa. Goggo ta ce ɓarnar ƙwai ce kawai, ita ta riga ta san bai yi ba. Muka sake bi da ruwan ta cikin sabuwar toka, muka dafa a tukunyar ƙasa har ya ragu fiye da rabi. Sai ga ƙwai ya taso.

Laraba, 29 ga Janairu

Mun dafa shi da man kaɗanya na naira 2,000, tun hantsi har bayan la'asar, wuta kaɗan, ana juyawa da muciya. Sau biyu ya kumburo zai zube. Abin da ya fito baƙi-baƙi ne mai laushi kamar daddawar da ba ta bushe ba, ɗan'uwan sabulun salo. Ba zai taɓa tauri kamar nawa ba, don abin da ke cikin toka dangin potash ne, shi kuwa laushi yake bayarwa. Mun ɗan ƙara gishiri, ya kama jiki kaɗan har ya dunƙulu.

Itacen da muka ƙona ya kai na naira 1,500. Na ce, "Goggo, ina ba da kuɗi ban?" Ta ce a ƙauye kara kyauta ne.

Ƙamus ya ce irin wannan shi ne "soft soap", kuma in Bature ya ce wani yana yi masa haka, daɗin baki yake nufi, romon baka, a shafa maka mai a samu abin hannunka.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Giram 110. Wani farin ƙura ya fito a saman sabulun na uku, gabana ya faɗi na ɗauka fumfuna ce. Ashe sodar da ke sama ce ta haɗu da iska ta rikiɗe ta koma soda ash. Abin da na sayo bisa kuskure ya biyo ni har ƙarƙashin gado. Ba ya cutarwa, na goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na je kitso. A kan kanta akwai kwalin man miƙar da gashi, a jiki an rubuta "no-lye" da manyan baƙaƙe. Shekara nawa ina ganin wannan rubutu ban taɓa tambaya ba. Wato irin na asali da kostik ake yin sa, wadda na rubuta wa GUBA. Shi wannan mai cewa babu, wani ɗan'uwanta aka sa a madadinta, kuma shi ma yana ƙona fatar kai in ya daɗe. Na tuna ɓawon da yake fito min a ƙeya duk sallah lokacin ina budurwa, na dubi tabon hannuna.

Da na dawo na bincika. Baƙaƙen Amurka maza sun daɗe suna miƙar da gashi da ita, tun wajen shekarun 1920 har cikin 1960, suna kiran gyaran "conk". A gida ake haɗawa, soda da ƙwai da dankalin Turawa. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ya yi shi yana saurayi a Boston, daga baya ya riƙa ba da labarin a matsayin abin kunya, mutum ya ƙona kansa don gashinsa ya yi kama da na wani.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Giram 106. Goggo ta koma, ta tafi da rabin baƙin sabulun, ta bar min mummunan na humra ta ce in ba masu wankin babur.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ƙanena ya turo saƙo, wai ya samo min wata ma'anar: a waƙoƙin gambarar New York na shekarun 1990, in aka ce "lye" wiwi ake nufi. Ya ce in yi hattara da yadda nake cewa ina da kilo guda a saman kabad. Na ce ya zo ya faɗa a gaban Abban yara.

Ni ma na rama da tawa, wadda bai sani ba. Wasan kwaikwayo mai dogon zango irin wanda ba ya ƙarewa, "soap opera" suke ce masa, don a Amurka a shekarun 1930 kamfanonin sabulu ne suke ɗaukar nauyinsa a rediyo, su tallata wa matan gida kayansu. Bayan littafin ya kai shafi tara, gaba shafi shida.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Giram 104. Na yi gwajin da na daɗe ina gudu, "zap test": a jiƙa yatsa a goga a sabulu a taɓa a kan harshe. In akwai ragowar soda zai fizge ka kamar ka lasa batir. Na uku ɗaci kawai na sabulu. Na humra, wuri ɗaya ya fizge ni, inda wani farin ƙulli yake. Wato bai gauraya ba kafin ya ƙame. Ba zan ba masu babur ba, zan goge shi a abin goga kuɓewa in narka da ɗan ruwa a sake dafawa, ya tafi wanki.

Goggo ma da harshe take gwada nata, sai dai ita ba ta sa masa suna ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Giram 103. Ya kusa daina raguwa, sati huɗu cif. Na yi wanka da guda. Kumfa ba yawa amma mai laushi, bai busar min da fata ba duk da iskar nan. Yana saurin narkewa in an bar shi a ruwa, ina ganin man gyaɗan ya yi yawa.

Lissafi: man gyaɗa 1,900, manja 800, man kwakwa 1,600, soda 400. Naira 4,700 a guda 12, kusan 390 kowanne, ban da wahalata da leda. Jimillar abin da na kashe tun 7 ga Janairu ya haura 38,000, har da asarori.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato, ba zan iya tsayuwar maburgi da ƙishirwa ba, don haka gobe zan yi haɗi biyu in bar su su sha iska har bayan sallah. Zan rage man gyaɗa zuwa 350, in sa man kaɗanya 150, shi kuma 0.128 yake ci, sai na sake lissafin sodar daga farko. Zan soya manjan ya washe ko launin kabewar zai ragu. Turaren sabulu na gaske, ƙaramar kwalba 2,500, a rabi kawai zan gwada. Blanda ta hannu an ce min 18,000, sai bayan sallah.

Mai waina ta aiko yaro yana tambaya ko har yanzu ina son toka. Na ce ta tara min bokiti ɗaya.